Zumunta a ƙafa take: abin da ke riƙe da Amurka da Turai idan shugabanni sun saɓa

Ranar 5 ga Yunin 2025, Friedrich Merz ya shiga ofishin shugaban Amurka a Fadar White House riƙe da tsaraba, wata guda kacal bayan ya zama shugaban gwamnatin Jamus. Tsarabar kwafin takardar haihuwa ce ta kakan Donald Trump, wato Friedrich Trump, wanda aka haifa a 1869 a ƙauyen Kallstadt da ke kudu maso yammacin Jamus. Ana cikin hira a gaban 'yan jarida, Merz ya tuna cewa washegari 6 ga Yuni ne, ranar da sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Normandy a 1944. Trump ya ce masa ai wannan ba ranar farin ciki ba ce ga Jamusawa. Merz bai ɗaga murya ba, ya amsa masa cewa in aka duba ƙarshen lamarin, wannan ce ranar da ta kai ga 'yantar da ƙasarsa daga mulkin kama-karya na 'yan Nazi.

Wannan mutumin da ya je da tsaraba shi ne kuma, a daren da ya ci zaɓe cikin Fabrairun shekarar, ya fito a talabijin ya ce babban abin da zai sa gaba shi ne Turai ta yi ƙarfi har ta daina dogaro da Amurka, sannu a hankali. Maganar ta girgiza mutane saboda bakin da ta fito. Merz ya shafe shekara goma, daga 2009 zuwa 2019, yana shugabantar Atlantik-Brücke, ƙungiyar da aka kafa a 1952 don ƙulla zumunci tsakanin Jamus da Amurka, sunanta ma yana nufin gadar Atlantika. Idan irin wannan mutum ya fara zancen raba gari, to lallai akwai abin da ya motsa. Amma kuma bayan wata uku da 'yan kwanaki sai ga shi a Washington da takardar haihuwar kakan mai masaukinsa. Abubuwan nan biyu ba su ci karo da juna ba, kuma fahimtar dalilin hakan shi ne fahimtar yadda dangantakar gaɓoɓin tekun Atlantika biyu take tafiya.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tambaya ina ruwansa. Ruwansa yana nan. Hedikwatar rundunar sojin Amurka mai kula da Afirka, wato AFRICOM, a birnin Stuttgart na Jamus take. Yaƙin Libiya na 2011, wanda Faransa da Birtaniya suka ja gaba, Amurka ta mara musu baya, sannan ƙungiyar NATO ta karɓi ragamarsa, a tsakanin waɗannan ƙawaye aka ƙulla shi, Jamus kuwa ta ƙi kaɗa ƙuri'a a Kwamitin Sulhu. Makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi sun isa arewacin Mali a 2012, kuma kowa ya san inda wutar ta ci daga nan. Jituwarsu tana taɓa mu, saɓaninsu ma yana taɓa mu.

Ƙashin bayan dangantakar sananne ne: tsaro da kasuwanci. An kafa NATO ranar 4 ga Afrilun 1949 da ƙasashe 12, yau suna 32 bayan shigar Finland a 2023 da Sweden a 2024. Cinikin kaya da ayyuka tsakanin Tarayyar Turai da Amurka ya kai kimanin yuro tiriliyan 1.6 a 2023. A 2025 sojojin Amurka wajen 35,000 ne ke zaune a Jamus kaɗai. Sai dai yarjejeniya takarda ce. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO ya ce harin da aka kai wa ɗaya an kai wa kowa ne, amma bai tilasta wa kowa tura soja ba, ya bar wa kowace ƙasa ta ɗauki matakin da ta ga ya dace. Abin da ke sa manomi a Kansas ya yarda ɗansa ya tafi kare wani gari a Estoniya, ko uwa a Denmark ta yarda nata ya tafi Afghanistan bayan harin 11 ga Satumban 2001, karo ɗaya tak da aka taɓa amfani da wannan sashe, shi ne jin cewa waɗancan mutanen namu ne. Wannan jin kuwa gina shi aka yi da gangan, da kuɗi, cikin shekaru masu yawa.

Yadda maƙiyi ya koma aboki

A 1945 Amurka da Jamus maƙiyan juna ne na jini. Jiragen ƙawance sun mayar da biranen Jamus kufai, har an hana sojojin Amurka yin hulɗa da fararen hular Jamus a farkon mamaya. Shekara uku bayan nan, cikin Yunin 1948, Tarayyar Sobiyet ta toshe duk hanyoyin ƙasa da ke shiga yammacin Berlin, inda mutum sama da miliyan biyu ke zaune. Amurka da Birtaniya suka koma ciyar da birnin ta sama. Kafin a kammala aikin a 1949 sun kai kaya fiye da tan miliyan biyu, mafi yawansa kwal ne na ɗumama ɗaki, sai fulawa da sauran abinci.

Abin da Jamusawa suka fi riƙewa a rai daga wannan lokaci ƙaramin abu ne. Wani matuƙin jirgi, Gail Halvorsen, ya tarar da yara a bakin shingen filin jirgin Tempelhof suna kallon saukar jirage. Ba su roƙe shi komai ba. Ya laluba aljihu ya sami cingam guda biyu, ya miƙa musu, suka rarraba, waɗanda ba su samu ba suka riƙa sansanar takardar. Ya yi musu alkawarin zai jefo musu alewa daga sama, kuma za su gane jirginsa domin zai kaɗa fukafukai. Ya ɗaure alewa da cakulan a jikin hankici ya zama 'yar laima, ya riƙa sakowa. Da manyansa suka ji, maimakon su hukunta shi sai suka faɗaɗa abin. Yaron da ya tsinci cakulan a 1948 ya cika shekara hamsin a daidai lokacin da katangar Berlin ta faɗi, kuma irinsa ne suka riƙe ma'aikatu da majalisu na Jamus ta Yamma a tsakanin nan.

Ranar 5 ga Yunin 1947 ce sakataren harkokin wajen Amurka George Marshall ya yi jawabin da ya haifar da shirin sake gina Turai a Jami'ar Harvard, shirin da ya zuba kimanin dala biliyan 13. Ba sadaka ba ce zalla, kuma Amurkawan da suka tsara shi ba su ɓoye hakan ba: suna son kasuwa ga kayansu, suna kuma tsoron yunwa ta tura Faransa da Italiya hannun 'yan gurguzu. Amma a cikin shirin akwai wani ɓangare da ba a cika ambata ba. An kwashi dubban injiniyoyi da manajoji da shugabannin ƙwadago na Turai aka kai su masana'antun Amurka su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Shekara 25 cif bayan jawabin Marshall, ranar 5 ga Yunin 1972, shugaban gwamnatin Jamus Willy Brandt ya tsaya a Harvard ɗin ya ba da kyautar mak miliyan 150 a matsayin godiya, aka kafa gidauniyar German Marshall Fund da ita, wadda har yau take aikin haɗa masana da matasan shugabanni na ɓangarorin biyu. Ranar da Merz ya kai tasa ziyarar ma 5 ga Yuni ce.

Shirin Fulbright ya ma riga na Marshall. Sanata William Fulbright ne ya kawo dabarar a sayar da ragowar kayan yaƙin da Amurka ta bari a ƙasashen waje, a yi amfani da kuɗin wajen musayar ɗalibai da malamai. Shugaba Truman ya sa wa dokar hannu a 1946, kuma zuwa yanzu mutum sama da 400,000 sun ci gajiyar shirin a ƙasashe fiye da 160. Akwai kuma shirin gayyatar baƙi na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wanda tushensa ya faro tun 1940, inda ofisoshin jakadanci ke zaƙulo matasan da ake hango musu gaba a kai su su zaga Amurka. A 1967 an gayyaci wata 'yar majalisa daga ɓangaren adawa a Birtaniya ta yi mako shida tana zagaya ƙasar. Sunanta Margaret Thatcher. Bayan shekara 12 ta zama firaminista, kuma ba a yi shugaban Birtaniya da ya fi ta kusanci da Ronald Reagan ba. Ba zan ce tafiyar mako shida ce ta ƙera ra'ayinta ba, amma wanda ya gayyace ta ya san abin da yake shukawa.

Shirin da ya fi burge ni shi ne wanda majalisun dokokin Jamus da Amurka suka kafa a 1983, shekarar da aka cika 300 da isar iyalan Jamusawa na farko daga Krefeld zuwa Pennsylvania. Kowace shekara ɗaruruwan 'yan makaranta da matasa masu koyon sana'a kan tafi su yi shekara guda a gidan wani iyali a ɗaya ƙasar, kuma a ɓangaren Jamus ɗan majalisar mazaɓa ne ke tsaya wa yaro a matsayin uban gida. Yarinya 'yar shekara 16 daga wani ƙauye a Bavaria ta zauna da iyali a wani ƙaramin gari na Amurka, ta ci abincinsu, ta bi su coci ko filin ƙwallo, ta yi gardama da uban gidan a kan bindiga ko kuɗin asibiti. Idan ta koma gida, duk wanda ya zo mata da zancen cewa Amurkawa kaza ne, fuskokin da ta sani za su faɗo mata a rai. Edward Murrow, ɗan jaridar da ya shugabanci hukumar yaɗa labaran Amurka a zamanin Kennedy, ya taɓa cewa aika saƙo nisan dubban mil ba shi ne wahala ba, wahalar tana cikin taku uku na ƙarshe, inda mutum ke fuskantar mutum su yi magana. Mu da muke cewa zumunta a ƙafa take ba ma buƙatar a fassara mana wannan.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Ba duk musayar al'adun ce ta zo da zuciya ɗaya ba. Ƙungiyar marubuta da masana mai rajin 'yancin al'adu da aka kafa a yammacin Berlin a 1950, wadda ta riƙa buga mujallu masu daraja a Turai, an bankaɗo a tsakiyar shekarun 1960 cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke ba ta kuɗi a ɓoye. Haka ma gidan rediyon Free Europe har farkon shekarun 1970. Marubutan da suka yi aiki da gaskiya suka wayi gari ana yi musu kallon 'yan amshin shata. Mawaƙan jaz baƙar fata da Amurka ta riƙa turawa duniya su wanke mata suna, a gida ana nuna musu wariya. Louis Armstrong, wanda ya zo har Najeriya a 1960, ya fasa wata tafiya zuwa Tarayyar Sobiyet a 1957 don fushin yadda aka hana yara baƙar fata shiga makaranta a garin Little Rock na Amurka, kuma ya faɗi fushinsa a fili. Abin lura shi ne wannan fitowa fili ta ƙara wa tafiye-tafiyensa da suka biyo baya daraja, domin mutane sun gane ba a bakin gwamnati yake magana ba.

Ziyara: abin da take iyawa da inda take gazawa

Ziyarar shugaba girbi ce. In an shuka tana tara amfani mai yawa a yini ɗaya, in ba a shuka ba sai hotuna. Lokacin da aka fara gina katangar Berlin ranar 13 ga Agustan 1961, mutanen yammacin birnin sun ji kamar an yi watsi da su. Cikin mako guda Kennedy ya tura mataimakinsa Lyndon Johnson tare da Janar Lucius Clay, gwarzon jigilar 1948, da ƙarin sojoji 1,500 ta hanyar mota. Sannan ranar 26 ga Yunin 1963 shi da kansa ya tsaya a gaban majalisar birni ta Schöneberg, gaban dubban ɗaruruwan mutane, ya ce da Jamusanci “Ich bin ein Berliner”, wato ni ma ɗan Berlin ne. Kalmomi huɗu ne, amma sun yi nauyi domin masu sauraro sun ci burodin jirgin sama shekara 15 da suka wuce, kuma tankokin Amurka na nan a unguwanninsu. Haka kiran da Reagan ya yi wa Gorbachev a ƙofar Brandenburg ranar 12 ga Yunin 1987 cewa ya rushe katangar.

Wani lokaci ziyarar ma share fage take yi. A Yunin 1939, ana dab da yaƙi, Sarki George na Shida ya zama sarkin Ingila mai ci na farko da ya taka ƙasar Amurka. Shugaba Roosevelt ya san jama'arsa ba sa son a sake jan su cikin rikicin Turai, kuma da yawansu na yi wa sarautar Ingila kallon girman kai. Sai ya kai sarki da sarauniya gidansa na Hyde Park, aka yi cin abinci a fili, aka ba su burodi da tsiran nama irin na talakan Amurka. Jaridu suka cika da labarin. Wannan bai shigar da Amurka yaƙi ba, amma ya sassauta zukata kafin ranar da za a nemi taimako.

Ziyara kuma tana iya ɓata abin da aka je gyarawa. A Mayun 1985, don cika shekara 40 da ƙare yaƙi, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl ya gayyaci Reagan maƙabartar sojoji ta Bitburg a matsayin alamar sulhu. Sai aka gano akwai kaburburan dakarun SS na Hitler a ciki. Yahudawa da tsofaffin sojojin Amurka suka yi ca, Elie Wiesel wanda ya tsira daga sansanin Auschwitz ya roƙi Reagan a bainar jama'a kada ya je. Ya je, bai cika minti goma a wurin ba, kuma har yau ana tuna ranar da ɗaci. Masu shirya tafiyar sun kula da abin da shugabannin biyu ke so, sun manta da waɗanda ke kallo.

Mu ma mun ga irin wannan a kusa. Cikin Maris na 2024 tawagar manyan jami'an Amurka ta sauka Yamai don tattaunawa da gwamnatin soja. Kwanaki kaɗan bayan tafiyarsu, ranar 16 ga watan, kakakin gwamnatin Nijar ya fito a talabijin ya soke yarjejeniyar soja da Amurka, ya zargi tawagar da raini da rashin bin ƙa'idar diflomasiyya. Kafin ƙarshen Satumba sojojin Amurka sun fice, har da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez. Akwai manyan dalilai a ƙarƙashi, ciki har da batun Rasha da Iran, amma yadda baƙo ya yi magana a gidan mai masauki shi aka ɗaga wa duniya.

Tsakanin harshe da haƙori

Amurka da Turai ba su taɓa zama ba saɓani ba. A 1956 shugaban Amurka Eisenhower ya tilasta wa Birtaniya da Faransa janyewa daga mashigin Suez. A 1966 shugaban Faransa De Gaulle ya fitar da Faransa daga rundunar haɗin gwiwa ta NATO, har hedikwatar ƙungiyar ta tashi daga Paris ta koma Brussels, Faransa ba ta dawo ba sai 2009. A shekarar 1966 ɗin ce ɗalibai masu adawa da yaƙin Vietnam suka jefi cibiyar al'adun Amurka ta Berlin da ƙwai, cibiyar da iyayensu suka riƙa shiga karanta littattafan da 'yan Nazi suka haramta. Ni a ganina wannan ma shaidar nasarar cibiyar ce: yaran sun koyi zanga-zangar zaman dirshan daga masu fafutukar 'yancin baƙar fata na Amurka, suka juya ta kan Amurka.

Amfanin dandalin tattaunawa shi ne ya ba wa faɗa wurin zama. Taron tsaro na Munich, wanda Ewald von Kleist ya fara a 1963, mutumin da yana saurayi ya shiga yunƙurin kashe Hitler, ya zama irin wannan wuri. A can ne cikin Fabrairun 2003 ministan harkokin wajen Jamus Joschka Fischer yana jawabi da Jamusanci, sai ya dubi sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya juya harshe zuwa Turanci, ya ce a yi masa afuwa, shi bai gamsu da hujjar yaƙar Iraƙi ba, kuma ba zai iya fita gaban jama'a ya sayar musu da abin da bai yarda da shi ba. Makonni kaɗan kafin nan Rumsfeld ya kira Jamus da Faransa tsohuwar Turai. Miliyoyi suka fita titunan London da Roma da Madrid da Berlin. Duk da haka a daidai lokacin sojojin Jamus na Afghanistan, kuma jiragen Amurka na tashi daga sansaninsu na Ramstein da ke Jamus. Tarihi ya gaskata Fischer, domin ba a sami makaman da aka ce Saddam ya ɓoye ba.

Bayan shekara goma aka sake wani. Obama da mutum kusan 200,000 suka fito saurare a Berlin a 2008, tun yana ɗan takara, a zamaninsa ne bayanan sirrin Amurka da Edward Snowden ya kwarmata suka nuna ana sauraron wayar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel. A Oktoban 2013 ta ce leƙen asiri tsakanin abokai sam bai dace ba. A 2021 kuma Faransa ta kira jakadanta gida daga Washington bayan Ostareliya ta soke cinikin jiragen ƙarƙashin teku da ita ta ƙulla da Amurka da Birtaniya. Biden ya gana da Macron a Roma ya amsa cewa an yi abin ba dabara, kuma da ya tashi karɓar baƙon ƙasa na farko a mulkinsa cikin Disambar 2022, Macron ya gayyata. A duk waɗannan, faɗan a kan wani mataki ne, ba a kan ko su waye mu ba. Shi ya sa ziyara ɗaya da ban-haƙuri kan iya ɗinke ɓarakar.

Abin da ya faru a Munich ranar 14 ga Fabrairun 2025 daban ne. Mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya ce barazanar da ta fi damunsa game da Turai ba Rasha ba ce, ba China ba ce, daga cikin gida take, yana zargin gwamnatocin Turai da danne 'yancin faɗin albarkacin baki da ƙin sauraron masu zaɓe. Ya kuma gana da shugabar jam'iyyar AfD mai ra'ayin riƙau, ana saura kwana tara zaɓen Jamus. Ministan tsaro Boris Pistorius ya mayar masa da martani a dandalin cewa ba za a lamunci wannan ba. A nan gardamar ta sauka kan tushen da kansa, wato ko ɓangarorin biyu na nufin abu ɗaya idan suka ce dimokuraɗiyya. Mako biyu bayan nan duniya ta kalli cacar bakin da aka yi da shugaban Ukraine a Fadar White House.

Martanin shugabannin Turai shi ne ƙara yawan ziyara da ƙara mata armashi. Firaministan Birtaniya na lokacin, Keir Starmer, ya miƙa wa Trump wasiƙar gayyata daga Sarki Charles a gaban kyamara, aka kuma karɓi Trump a fadar Windsor cikin Satumbar 2025, karo na biyu da aka yi masa irin wannan tarba ta ƙasa. A taron NATO na Hague cikin Yuni aka amince kowace ƙasa ta kai kashi 5 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara kan tsaro da abubuwan da suka shafe shi kafin 2035, alhali a 2014 kashi 2 ake magana. A ƙarshen Yuli shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen ta je filin wasan golf na Trump a Scotland ta amince da harajin kashi 15 kan mafi yawan kayan Turai. Ban ga laifinsu ba. Wanda yaƙi ke ci a maƙwabtansa, kuma makaman kare sararin samaniyarsa daga wajen aboki suke zuwa, ba zai tsaya nuna zuciya ba. Kuma koken Amurka cewa Turai ta daɗe tana ƙwauron kuɗin tsaro gaskiya ne, shugabannin da suka gabaci Trump ma sun yi shi.

Damuwata tana wani wuri. A daidai lokacin da jajayen dardumai ke ƙaruwa, ana sare itatuwan da suka fi jinkirin girma. Ranar 14 ga Maris na 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, washegari aka tura ma'aikata sama da 1,300 hutun dole. Mu nan mun ji abin a kunnenmu: Sashen Hausa da ke magana da mu tun 1979 ya yi tsit, mai shayi ya murɗa akwatinsa da asuba bai ji muryar da ya saba ba, sai ya koma BBC ko DW ko RFI. Rediyon Free Europe da ke Prague sai da Tarayyar Turai ta kai masa ɗaukin gaggawa na yuro miliyan 5.5. Wannan sarewa ba yau ta fara ba, tun 1999 aka rushe hukumar da Murrow ya shugabanta bisa tunanin cewa Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, aka rufe cibiyoyin al'adu da dama, ginin Berlin da aka jefa da ƙwai yanzu gidan baje kolin hotuna ne.

Ra'ayin jama'a game da shugaba yana hawa da sauka kamar farashin kasuwa. Binciken cibiyar Pew ya nuna kashi 86 cikin ɗari na Jamusawa sun amince da Obama a 2016, shekara ɗaya bayan nan kashi 11 ne suka amince da Trump. Abin da ya hana irin wannan faɗuwa rusa komai shi ne mutanen da ke ƙasa: janar ɗin da ya yi kwas tare da takwaransa, malamar jami'ar da ke da ɗalibai a ɓangarorin biyu, magajin garin da birninsa ke da tagwaye a ƙetaren teku, ɗan majalisar da ke da uwar riƙo a Amurka tun yana ɗan shekara 16. Waɗanda suka tsinci cakulan ɗin Halvorsen sun haura tamanin, suna ta tafiya. Amurka kanta tana canzawa, jama'arta da ke da tushe a Latin Amurka da Asiya da Afirka na ƙaruwa, kuma ga da yawansu Normandy da Berlin darasin aji ne kawai. A Turai ma miliyoyin matasa 'ya'yan baƙin haure ne daga Turkiyya da Maroko da Siriya da Najeriya, waɗanda abin da suka fi sani game da Amurka shi ne Iraƙi da Gaza. Waɗannan su ne za su riƙe majalisu nan da shekara 25, kuma su ne suka fi buƙatar a haɗa su fuska da fuska.

Merz ya iya amsa maganar Normandy a tsanake, ya kuma san tsarabar da za ta taɓa zuciyar mai masaukinsa, domin ya shafe shekaru yana kai da komo tsakanin ƙasashen biyu, ya san mutanen, ya san yadda ake magana da su. Kwana shida bayan ya bar Fadar White House, ranar 11 ga Yunin 2025, mambobi 11 cikin 12 na hukumar da ke kula da shirin Fulbright suka ajiye aiki, suna zargin gwamnati da tsoma siyasa cikin zaɓen masu cin gajiyar shirin, da soke tallafin wasu malaman da aka riga aka zaɓa.